Ƙaramar Bindiga a Ƙugu: Abin da Ya Kamata Mutanen Yola da Jimeta Su Sani

Duk ranar da 'yan daban da ake kira 'yan Shila suka sari wani a Jambutu ko Luggere saboda waya, ko aka ji an shiga gidan wani da tsakar dare an tafi da shi daji, maganar da ke tashi a majalisa bayan sallar isha ɗaya ce: "Wallahi da ina da 'yar ƙaramar bindiga a ƙugu, da ba su isa ba." Daga nan sai masu kallon bidiyon Amurkawa a YouTube su karɓe zancen. Wannan ya ce Glock ta fi, wancan ya ce Beretta, wani dattijo ya ce shi har gobe libarba ya sani, don ba ta cijewa. Mai wannan magana ba ɗan ta'adda ba ne. Galibi magidanci ne da ke rufe shago a babbar kasuwar Jimeta da ciniki a aljihu, ko mai POS, ko ma'aikacin asibiti da ke tashi aiki da dare. Tsoronsa na gaskiya ne, kuma ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya.

Amsar ita ce, tambayar "wace iri zan zaɓa?" ba ta ma taso ba a Najeriya. Babu wata ƙaramar bindiga, ko wace iri ce, ko wane kamfani ya ƙera ta, da doka ta bar wa farar hula ya saya ya soke a ƙugu don kare kai, sai da izinin da kusan ba wanda ke samunsa.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun Turawa ba su tafi ba, kuma har yau da ita ake aiki. Ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu, inda aka jera igwa, da roka, da bam da gurneti, da mashinga, da bindigogin soja irin su AK-47. A cikin wannan jerin ne, kafaɗa da kafaɗa da gurneti, aka saka fistol da libarba, har da ƙirar gargajiya. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisin riƙe abin da ke wannan gida, kuma ganin damarsa ne. Gida na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu waɗanda ba sa ɗura wa kansu harsashi, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku na bindigogin da ake ɗurawa ta baki ne, wato harba-ka-ruga da danginta na maharba, kuma wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke da shi.

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa doka ta fi tsananta wa 'yar bindigar da ba ta wuce tafin hannu ba a kan doguwar bindigar maharbi. Dalilin bai da wuyar ganewa. Doguwar bindiga tana shelar kanta, kowa ya gan ka da ita ya san da ita kake tafe. Ƙarama kuwa don ɓoyewa aka yi ta. Da ita ake shiga banki, da taron siyasa, da gidan biki, ba wanda ya sani. Siffar da ta sa mai neman kare kai yake sha'awarta ita ce ta sa ɗan fashi yake nemanta, kuma ɗan sandan da ke kan shinge ba shi da hanyar bambance su da ido.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba lasisi, mafi ƙarancin abin da dokar ta yanka masa shi ne ɗaurin shekara 10. Bindigar gida na biyu ba lasisi, ɗauri ne da zai iya kai shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda masu gabatar da ƙara suka fi son jawowa, ita ma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tarar naira 20,000, ko duka biyun. Harsashi ma shi kaɗai laifi ne, ko da ba a same ka da bindigar ba. Haka sayar da ita ko miƙa wa wani in ba kai dillali ne mai rajista ba, haka ƙera ta. Kuma "ban taɓa harba ta ba" ko "don tsare iyalina na ajiye" ba sa wanke mutum, domin laifin yana cikin riƙewar ne.

To lasisin gida na biyu fa? Shi ma dokar ta faɗa ƙarara cewa ba haƙƙin kowa ba ne. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka sani da shaye-shaye da rashin kamun kai, ko wanda kotu ta kama da laifin da ya shafi tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Bayan wannan, a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, saboda makaman da ke yawo a ƙasa sun riga sun yi yawa. Don haka duk wanda ya zo maka da zancen yana da hanya, ka kawo kuɗi ya fito maka da takardar fistol, ka san ɗayan biyu ne: ko damfararka zai yi, ko ya haɗa ka da takardar jabu, wadda ranar da aka kama ka za ta zama tuhuma ta biyu a kanka.

Abin da ke rikita mutane shi ne sun sha jin manya suna cewa a tashi a kare kai. Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a watan Maris na 2018, a taron yaye ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba. Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa a 2021. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar don jama'a su nemi lasisi. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Gaskiyarsa kuwa, domin tsarin mulki ya saka makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. A 2024 Sanata Ned Nwoko ya kawo ƙudurin a bar farar hula su riƙe bindiga, aka yi ta muhawara a kansa a jaridu, amma ƙuduri ba doka ba ne. Maganar gwamna ko janar a bainar jama'a ba lasisi ba ce, alƙali kuma da abin da ke rubuce yake aiki.

Yanzu mu ajiye doka gefe na ɗan lokaci, mu ɗauka an ba ka ita. Shin za ta yi aikin da kake zato?

A Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami tun 1791, kuma fiye da rabin jihohinsu sun bar mutum ya ɓoye fistol a jiki ko ba lasisi, masu koyar da abin da gaske ba su cika ɓata lokaci a kan sunan kamfani ba. Abin da suke nanatawa shi ne bindigar ta zauna a hannunka daidai, kada ta riƙa cijewa, a sa ta cikin kube mai rufe kunama, gida ya kasance da akwatin ƙarfe mai kulle, sannan uwa uba horo: zuwa filin harbi a kai a kai, ana ƙona ɗaruruwan harsasai, har hannu ya saba ba sai kai ya yi tunani ba. Mutumin Doubeli da ya sayi fistol a ɓoye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba filin da zai gwada ta, don ƙarar farko za ta tara masa unguwa. Harsasan da aka haɗa masa da su ba su wuce 'yan ƙwayoyi ba, bai san shekararsu nawa a ajiye ba. Bai san tarihin bindigar ba, wataƙila da ita aka kashe wani a wani gari, ko daga hannun jami'in tsaro aka ƙwace ta. Idan kuma ƙirar gida ce, bututun ƙarfen da maƙeri ya haɗa na iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Wanda ya sayar masa ma ya san gidansa, ya san yana da kuɗi, kuma ranar da aka kama shi, sunan masu saye ne abin da zai fara zubarwa.

Sai batun tazara. A 1983 wani ɗan sanda mai koyar da harbi a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga cewa mai wuƙa da ke nesa da kai ƙafa 21, wato kusan mita shida da rabi, yana iya cim maka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Daidai lokacin ke nan da horarren jami'i ke buƙata ya zaro bindiga daga kube ya harba. Ka kwatanta wannan da yadda 'yan Shila ke aiki. A cikin Keke Napep ne, ɗaya a damanka ɗaya a hagunka, gwiwa na gogar gwiwa, wuƙa ta riga ta taɓa haƙarƙari kafin ka gane abin da ake ciki. Ko kuwa a lungu ne, su huɗu ko biyar, daga baya. Hannun da ka kai ƙugu shi za a fara sara, bindigar kuma ta koma hannun yaran da jiya adda kawai suke da ita. Masu garkuwa da mutane kuwa ba su zuwa su kaɗai, kuma da manyan bindigogi suke tafe. Harbi ɗaya daga cikin ɗaki ya isa ya sa su buɗe wa gidan wuta, da mata da yara a ciki.

Alƙaluman ƙasar da ta fi kowa sanin wannan harka ma ba su ƙarfafa gwiwa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wani bincike da masana na Jami'ar Pensilbaniya suka wallafa a 2009 a kan birnin Filadelfiya ya gano cewa masu ɗauke da bindiga sun fi marasa ita haɗarin a harbe su yayin farmaki da wajen ninki huɗu da rabi. Masu goyon bayan bindiga suna jayayya da irin wannan bincike, suna kawo labaran waɗanda ta ceta, kuma akwai su. Sai dai bindigar da ke gida tana nan kullum, ɓarawo kuwa wataƙila sau ɗaya zai zo ko ma bai zo ba. Tana nan ranar da miji da mata suka yi faɗa, da ranar rikicin gado, da ranar da matashin gidan ya sha abin da ya sha, da ranar da yaro ɗan shekara shida ya ɗaga katifa. A gidajenmu na gandu, inda yaran maƙwabta ke shiga ɗaki ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Birtaniya ta hana ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya a 1997, bayan wani mai cikakken lasisi ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotilan a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu.

Akwai wani haɗarin da Ba'amurke bai cika tunaninsa ba, mu kuwa mun san shi: a gan ka da ita. Riga ta ɗage a kasuwa, wani ya hango ƙarfe ya yi ihun ɓarawo, ba wanda zai tsaya jin bayani. A ƙarshen Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16 'yan Arewa, maharba da ke hanyar komawa Kano hutun Sallah, bayan 'yan banga sun ga bindigogin farauta a motar da suke ciki. Waɗannan bindigogin gargajiya ne na sana'a, ba a ɓoye a ƙugu suke ba.

Wannan duka ba ya nufin doka ta ce ka miƙa wuya a yanka. Kare kai haƙƙi ne. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar da 'yancin rayuwa, ya keɓe kisan da ya auku wajen kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, muddin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da ya zama dole ba. Kundin hukunta laifuka na Arewa, Final Kod, wanda Adamawa ta sabunta nata a 2018, ya yi bayanin iyakokin. Kana iya kare kanka, da waninka, da dukiya. Haƙƙin yana kaiwa har ga kisa idan akwai tsoro mai dalili na a kashe ka ko a yi maka mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum, ko fashi, ko fasa gida da dare. Amma kada ka yi ɓarnar da ta wuce bukatar kariya, kuma haƙƙin yana ƙarewa ne inda haɗarin ya ƙare. Ɓarawon da ya juya yana gudu ka bi shi ka kashe, a idon kotu ba kare kai ka yi ba.

Mutanen Adamawa ba sa bukatar misali daga nesa, domin shari'ar da ta fi kowace girgiza ƙasar nan a kan wannan batu a nan aka fara ta. Sunday Jackson, manomi daga Dong a ƙaramar hukumar Demsa, ya ce a 2015 wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. A 2021 Babbar Kotun Jiha a Yola ta yanke masa hukuncin kisa, bisa cewa tun da ya riga ya raba mutumin da makami, yana da damar guduwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Ranar 7 ga Maris, 2025 Kotun Ƙoli ita ma ta tabbatar, duk da cewa Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran, ta ga kare kai ne. Sai a watan Disamba na 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe shekara goma a tsare. A ganina hukuncin ya yi tsauri, don mutumin da ke zubar da jini cikin kokawa ba ya auna sara da sikeli. Amma ko ka yarda da kotun ko ba ka yarda ba, ka lura da abu ɗaya: wannan mutum bai fita da makamin ba, na abokin faɗansa ne, kuma ga inda abin ya kai shi. Wanda ya harbe ɗan fashi da fistol ɗin da ya saya a ɓoye zai shiga kotu da tuhuma biyu, kuma ko ya kuɓuta daga ta kisa, ta bindigar tana jiransa.

Ba zan ɓoye ba, akwai rashin adalci a cikin lamarin. Hukumar da ta hana ka makami ta ɗauki alkawarin tsare ka, kuma sau da yawa ba ta cikawa. Cibiyar Small Arms Survey ta Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun farar hula a Najeriya, ga kuma doguwar iyakarmu da Kamaru, daga tsaunukan Mubi har Toungo, wadda ba ta tsaruwa duka. Mai bin doka ya ga kamar shi kaɗai aka ɗaure wa hannu. Dokar kanta ta tsufa, tarar harba-ka-ruga ba lasisi har yau naira 1,000 ce a rubuce. Mutumin ƙauyen Madagali ko Michika, wanda caji ofis ya yi masa nisa, hujjarsa ta neman a bar maharban garinsu su riƙe bindiga ƙarƙashin rajista da sa ido hujja ce mai ƙarfi. Mun kuma ga amfanin hakan a watan Nuwamba na 2014, lokacin da maharba da 'yan banga suka taya sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya a kan yaƙar Boko Haram. Amma a dubi yadda nasu yake: a fili suke, ƙungiya ce mai shugabanni, sarakuna da jami'an tsaro sun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma an san wanda za a tambaya idan an yi ɓarna. Wannan daban yake da kowa ya soke tasa a ƙarƙashin riga ya shiga kasuwa. Ko kamfanonin gadi masu rajista, dokar 1986 da ta kafa tsarinsu ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga.

Abin da ke rage farmaki a cikin gari ba shi da ban sha'awa kamar fistol, amma yana aiki. Unguwar da ta haɗa kuɗi ta ɗauki 'yan banga da sanin mai unguwa da DPO, ta sa fitilun sola a lunguna, ta yi dandalin WhatsApp da usur na ankarar da juna, ta fi unguwar da mutum uku ke da bindiga a ɓoye ba wanda ya san na wani. Ɗan kasuwa ya rage yawo da tsabar kuɗi, ya daina bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Kafin ka shiga Keke da dare ka dubi lambar jikinta da waɗanda ke ciki, in ranka bai kwanta ba ka jira wata. Ka rubuta lambar IMEI ta wayarka ka ajiye a gida, ka san lambar da bankinka ya ware don rufe asusu daga kowace waya. Idan an riga an ɗora maka wuƙa, ka ba da wayar. Ba ragwanta ba ce, iyalinka kai suke jira. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ka kuma riƙe ta caji ofis ɗin yankinku. Sannan iyaye da maƙwabta su daina rufa wa yaran asiri, domin ɗan Shila ba daga sama ya faɗo ba, akwai gidan da yake kwana da kuma mai sayen wayar da ya ƙwato.

Ya kamata kowa ya san wata doka ta 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ko an ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya, kuma dokar ta ce kada a muzguna wa wanda ya taimaka ya kawo shi. Kafin a isa Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola, a danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a saki don a duba.

Saura waɗanda bindigar ta riga ta shigo gidansu, wani lokaci ba da neman su ba. Mahaifi ya rasu, tsohon soja ko maharbi ko ma'aikacin da ya sami lasisi tun zamanin tsohuwar Jihar Gongola, aka buɗe akwati aka tarar da ita. Lasisi ba ya shiga rabon gado, na mai sunan ne shi kaɗai. Dokar ta bai wa magada kwana 14 kacal bayan rasuwar, daga nan riƙe ta ya zama laifi a kansu. Hanyar da ta fi aminci ita ce kada a ɗauke ta a kama hanya da ita. A fara sanar da DPO ta hannun lauya ko mai unguwa ko hakimi, a bar jami'ai su zo su karɓa, ko a miƙa ta ga cibiyar ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A tabbata an karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar, da adadin harsasan, da sunan jami'in da ya karɓa, a kuma yi mata kwafi a ajiye.